Malam Ɗalha da Takarda ta Sha Bakwai

Idan ka ga wani dogon mutum siriri a kan tsohon babur ya fito daga Gwandu ranar Lahadi da yamma ya nufi Kalgo, hula ta ɗan karkace, jakar fata rataye a wuya, yana tafiya a hankali har 'yan kabu-kabu na yi masa oda suna wucewa, to Malam Ɗalha ne. Shi ya koya mana dabarun bincike a jami'a, a sashen nazarin zamantakewa, kuma shi ya duba kundina na gama digiri. Ni Sumayya, shekara biyu cur na yi ina jin haushin mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Yanzu kuwa ko da wasa ba na yarda a taɓa shi a gabana.

Abin da ya raba shi da sauran malamai shi ne yadda ya kasa mana karatu gida biyu. Tun lokacin da aka rufe makarantu saboda korona ya fara koyarwa ta waya. Da aka buɗe, kowa ya koma allo da alli, shi kuwa ya ƙi sakin wayar. Mako biyu muna aji a Kalgo, mako biyu kuma ya kore mu, kowa ya tafi garinsu ya nemo abin da idonsa ya gani. A waɗannan makonni ajin yana cikin waya. Ya buɗe mana zaure, yana turo lacca da murya, minti goma ko sha biyu, wani lokaci har kana jin zakara na cara a bayansa. Kowa zai ɗora abin da ya samo, kuma dole ne ka yi wa aikin mutum biyu tambaya kafin Laraba. Ranar Laraba bayan la'asar sai a haɗu a kira ɗaya, mu talatin da ɗaya, wani a gindin darbejiya, wata a kan tudun bayan gidansu tana neman sabis. Mu ɗalibai muka sa wa tsarin suna rabi-da-rabi.

Dokarsa guda ce: ba a cewa "an ce". Da ka furta ta, sai ka ji muryarsa a sanyaye, "Wa ya ce?" In ka ce littafi ne, ya ce mai littafin a ina ya tsaya ya gani. In ka ce a intanet ka samo, ya ce to madalla, wa ya zuba shi can? Har laƙabi muka yi masa, Malam Wa-ya-ce. Ba ya faɗa, ba ya zagi, amma kuma ba zai taɓa ba ka amsa ba ko da ya san ta, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ni mace ce mai son a gaya mini abu kai tsaye in wuce wurin. Game da shi kansa ba mu san komai ba, sai dai cewa mutumin Gwandu ne kuma ya daɗe yana koyar da firamare kafin ya zo jami'a.

A shekarar ƙarshe na zaɓi yin bincike a kan karatun boko a rugagen da ke kewaye da Dalijan. Na samo takardar tambayoyi a intanet, na gyara ta, na mayar da ita Hausa. Tambayoyin ba su da wuya: shekara nawa da aurenki, 'ya'yanki nawa, sunayensu da shekarunsu, wa ya yi makaranta kuma ina ya tsaya. Na zagaya gida sittin a kan kabu-kabu, da damina, zanina duk taɓo. Da na haɗa lissafi sai na ga abin da ya sa na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki. A gida sittin, biyu ne kawai ke da ɗan da ya wuce sakandare. Na rubuta da manyan baƙi cewa mutanen rugagen nan ba su sa 'ya'yansu a makaranta. Na ce yau dai Malam Wa-ya-ce zai rasa ta cewa, tunda matan da bakinsu suka faɗa.

Saura mako huɗu a kare kundi. In Malam bai sa hannu ba kafin nan, sai baɗi, kuma 'yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa su bar ni. Babanmu kuwa ya riga ya shaida wa duk majalisarsu cewa bana ɗiyarsa za ta gama.

Na ɗora jadawalin a zaure ranar Litinin, na ɓoye sunaye kamar yadda aka koya mana, takardun asali kuma na ɗauki hotonsu na tura wa Malam shi kaɗai. Yabo ya fara zuwa. Sai ranar Talata wani ɗan ajinmu, Lukuman, wanda bai cika magana a aji ba amma a waya ba ya raga wa kowa, ya rubuto: "Sumayya, na duba shekarun aure da shekarun babban ɗa. Ƙaƙa aka yi kusan duk matanki sai sun yi shekara huɗu ko biyar da aure kafin su haihu? Mi ke cikin ruwan Dalijan?"

Kai, ranar na ji kamar in shiga wayar in shaƙe shi. Na mayar masa da cewa ni ba likita ba ce, abin da aka faɗa mini shi na rubuta, in yana da ja ya hau babur ya je da kansa. A kiran Laraba na jira Malam ya tsawata masa. Sai Malam ya ce, "Tambayar Lukuman tana nan ba a amsa ba." Na ce, "Malam, matan ne suka ce." Ya ce, "Na yarda sun ce. Mi ne ne ba su ce ba?" Sannan ya ƙara da cewa in koma gidan da ke takarda ta sha bakwai gobe Alhamis, kada in ɗauki biro ko takarda, in je in zauna kawai har azahar. Na ce, "Malam, in zauna in yi mi?" Ya ce, "Ki zauna." Ya ce ba zai sa hannu a kan jadawalin nan yadda yake ba. Da na kashe wayar kuka na yi, na haushi.

Takarda ta sha bakwai ta wata tsohuwa ce da kowa ke kira Inno, a wata ruga yamma da Dalijan. Na tuna ta sarai, don ita ce ta ba ni fura ranar da na fara zuwa gidanta. Ta ce mini 'ya'yanta biyar, babban Zubair, mai kiwon shanunsu, kuma ba wanda ya taka makarantar boko. Na isa da hantsi na tarar tana kaɗa nono, ɗiyarta Binta na gefe tana tsince gero. Zubair ma na gan shi can nesa yana kora shanu. Na gaishe su, na ce yau ziyara ce kawai. Suka shimfiɗa mini tabarma. Na zauna ina kallon kaji, ina ta ƙunƙuni a zuci, ina cewa mutumin nan ya ɓata mini yini a banza.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayar Binta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta gaisa cikin ladabi, sannan ta juya ta ce, "Inno, Yaya na gaishe ki." Tsohuwar nan ba ta ɗago ba. Sai ma ta kawar da fuska gefe, ta ci gaba da kaɗa nononta da ƙarfi fiye da da. Can ta ce, kamar da ƙwaryar take magana, "Ce an yi ruwa shekaranjiya." Binta ta isar, ta yi dariya, ta kashe.

Na ce, "Binta, wane Yaya? Ba Zubair ne na hango can da shanu ba?"

Ta ce, "A'a, Yayanmu babba. Mai koyarwa a jami'a, can Kalgo. Ɗalha."

Inna lillahi. Na ce, "Amma Inno ta ce mini ku biyar ne." Binta ta dube ni kamar wadda ta faɗo daga wata duniya. Ta rage murya ta ce, "Haba ke kuwa, ɗan fari ne fa. Ƙaƙa za ta ƙidaya shi, kuma gaban baƙuwa?"

Abin da ya fi cin raina shi ne na san wannan al'ada tun ina goye. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nata ne. A gidanmu ma Umma ba ta taɓa cewa Kabiru ba, sai dai "yayanku" ko "wancan". Na sani, Lukuman ya sani, duk ajinmu sun sani. Amma da na riƙe takardar da aka tsara a wata ƙasa, sai na manta ko ni 'yar ina ce. Na zaci tambaya in ta fito a rubuce, amsa ma za ta fito cikakkiya.

Binta ta ja ni bayan bukka ta ba ni labarin da Malam bai taɓa ba mu ba. A rugar nan aka haife shi. Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba da ke zaune a cikin Gwandu ta zo ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari da yawa a wajensu. A can ya yi makarantar allo, a can aka sa shi boko, don a gari makaranta tana bakin ƙofa. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyar da firamare a Diggi, yana karatu a gefe, har Allah ya kai shi inda yake. Duk Juma'ar ƙarshen wata yana zuwa rugar. Zai durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, Inno ta amsa tana kallon bango, ya ajiye abin da ya kawo ya koma wajen maza. Binta ta ce amma tun daren Alhamis Inno ke ware man shanun da ya fi kyau, ba ta cewa na wa ne, kowa dai ya sani. Shekararsa arba'in da takwas, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

A hanyar komawa, a bayan ɗan kabu-kabu, lissafin ya warware mini shi kaɗai. Shekaru huɗu ko biyar da Lukuman ya gani, ɗan fari ne ya ɓace a cikinsu. Kuma ɗan farin nan shi ne ake kaiwa gari riƙo, wato shi ne ya fi samun makaranta. Ke nan waɗanda suka yi karatun su ne daidai waɗanda takardata ta zubar, ni kuma na zauna na rubuta da manyan baƙi cewa mutane ba su son boko. Malam ya buɗe takarda ta sha bakwai ya ga sunayen ƙannensa biyar a jere, ya ga na rubuta babu wanda ya yi makaranta a gidan, kuma bai ce mini uffan ba. Har yau ban sani ba ko da gangan ya kira Binta a daidai lokacin da ya san ina zaune a wurin.

Da yamma na shiga zaure na faɗi gaskiya, ban ambaci ko gidan wa ba ne. Na ce jadawalina ƙarya ne, ga dalili, kuma Lukuman ya yi gaskiya. Wannan ta ƙarshen ta yi mini ɗaci, amma na rubuta. Sannan na ce jama'a ku cece ni, saura kwana ashirin da biyar, ta yaya ake tambayar uwa ɗan da ba ta ƙidayawa?

A nan na ga amfanin rabi-da-rabi. Da a aji ne, sai mu jira mako biyu. A waya kuwa kafin magariba shawara ta fi ashirin, kowa daga garinsu, wasu ma sun fita sun gwada a kan iyayensu sun dawo da rahoto. Wani ya ce a tambayi maza, aka ce uba ma yana da tasa kunyar. Wata ta ce a tambayi maƙwabta, Lukuman ya ce to mun koma "an ce" ke nan. Sai Mufida, wata 'yar ajinmu matar aure da ke Diggi, ta turo murya, jaririnta na kuka a ciki. Ta ce kakarta da ƙwayar wake take ƙirga kwanakin ramuwar azumi. Ta ce, "Bakin ne ke jin nauyi. Ki ba su wake da ƙwarya, ki ce kowane ɗa ƙwaya ɗaya, ba suna, ba magana, ke kuma ki kau da kai." In ƙwaya ta yi rara a kan lissafin farko, sai a nemi 'yar'uwa ko ɗiya a cikin gidan ta ba da bayanin mai ita. Malam ya saurara duka, abin da ya rubuta kawai shi ne: "A gwada a gida biyar tukuna, a zo a faɗa mana inda dabarar ta gaza."

Ta gaza a gida ɗaya cikin biyar, inda yara suka taru suna kallo matar ta ƙi taɓa waken. Daga nan na koyi in jira sai tsakar gida ta yi shiru. Kwana goma sha uku na yi ina zagaye da mudun wake a jaka, duk yamma in ɗora abin da na samu, su kuma su yi ta yi mini tambayoyi ba tausayi. Gidaje biyu masu ɗan da ya wuce sakandare suka zama goma sha tara. Mata bakwai sun ƙi, kuma Malam ya ce in rubuta ƙin nasu a fili, kada in cike gurbin da zato.

Gidan Inno na bari sai ƙarshe, don tsoro nake ji. Na same ta ita kaɗai, Binta ta tafi rijiya. Na yi mata bayani, na ajiye ƙwarya da wake a gabanta, na juya ina kallon garke. Na ji ƙwaya ta faɗa, ƙwas. Na ƙirga da kunne har biyar. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na fidda rai, na fara shirya yadda zan rubuta ta cikin waɗanda suka ƙi. Sai na ji ta kama hannuna ta baya. Ta buɗe tafina, ta sa ƙwaya ɗaya, ta naɗe yatsuna a kai da nata hannun, ta riƙe. Da na waigo fuskarta na kallon bango. Ta ce, "Wagga ki tafi da ita." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Saura kwana uku a rufe karɓar kundi na shiga ofishin Malam a Kalgo. Ɗan ɗaki ne, tebur da kujera biyu da tarin takardu. Ya karɓi kundin, ya karanta babin da na bayyana kuskurena na farko, wanda shi ya ce dole in bar shi a ciki don na baya su gani. Sannan ya buɗe jadawali yana bi da yatsa layi-layi, yadda ya saba. Na san in ya sami ɓaraka ɗaya shi ke nan sai baɗi. Yatsan ya zo layi na sha bakwai ya tsaya. 'Ya'ya shida, ɗaya ya yi digiri na uku.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shida. Wa ya ce?"

Na ce, "Mai takardar da kanta, Malam."

Ya ce, "Ɗiyarta dai. In ɗiyar ce ta faɗa miki, sai ki rubuta haka."

Na ce, "Bayanin karatun daga ɗiyar na samu, kuma na rubuta haka a ƙasa. Amma ƙidayar tata ce." Na kwance bakin mayafina, na ɗauko ƙwayar waken na ajiye a kan jadawalin. Na gaya masa yadda aka yi, biyar a ƙwarya, ɗaya a hannuna, da abin da ta ce.

Malam Wa-ya-ce bai sake yin tambaya ba. Ya cire tabarau ya ajiye, ya daɗe yana kallon ƙwayar nan, ni kuma na sunkuyar da kai, don a lokacin ni ce kunya ta kama. Wallahi na tausaya masa, mutumin da na yi shekara biyu ina jin haushinsa. Can ya jawo biro ya sa hannu a shafin farko, ya turo mini kundin, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ki gode wa Lukuman da Mufida." Da na kai bakin ƙofa na waiga, na ga ya ɗauki ƙwayar waken ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya dafe wurin da hannu.